Gidan da Na Rubuta Babu Yara

Jiya na ji ɗaya daga cikinku, ku ɗaliban da aka turo mana koyon aiki, tana cewa zagayen gida-gida ba wani abu ba ne, tambayoyi ne a cikin waya, ka danna e ko a'a ka wuce. Ban tanka ba don ina tsakiyar yi wa jariri allura. Amma maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa yau na ce ku kife wayoyin nan ku ba ni kunnuwanku. Sunana Balkisu, haifaffiyar Gummi. A ƙauyuka Malama Balki ake ce min, wasu su ce likita, ko da yake ban taɓa zama likita ba. Ma'aikaciyar lafiya ce ni ta karkara, kuma na fara aikin nan tun ba a haifi yawancinku ba.

Aikin farko da aka ɗora ni a kai shi ne dafa sirinji. A lokacin na gilashi ne, a tukunya muke tafasa su a kan risho. Wadda ta koya min aiki Sista Rifkatu ce, mutuniyar kudancin Kaduna, mace mai faɗa kamar me, amma hannunta Allah ya yi masa albarka. Ita ta koya min neman jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse, da yadda ake juya mai naƙuda, da gane ƙyanda tun kafin ta feso. In na yi kuskure ba ta jira mara lafiya ya fita, nan take za ta wanke ni tas. Ƙwarewar hannu ta ba ni, kuma har gobe ina yi mata addu'ar alheri. Abin da ba wanda ya koya mana shi ne tambaya. Tambayarmu irin ta 'yan sanda ce: mene ne, tun yaushe, karɓi magani, na gaba.

Sai shekarar gubar dalma ta zo, 2010. Kun taso kun ji sunayen Yargalma da Abare da Tungar Guru a bakin manya. Maza suna kawo dutsen zinare gida, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, mata suna daka shi a turmin da suke dakan fura. Ashe dutsen cike yake da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida, ta bi tabarma, ta bi hannun yara zuwa baki. Yaro ya fara amai, ya daina cin abinci, sai jijjiga, sai a ɗauke shi a tabarma. Ba zan tsaya ba ku labarin makabartun ba, na gani da idona kuma ya ishe ni.

A shekarar aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum, ba zan faɗi sunansa ba. Aikina in bi gida-gida in rubuta lamba da alli a bangon zaure, in rubuta yara ƙanana nawa ne a ciki. A bayana akwai masu na'urar auna ƙasa, a bayansu kuma masu fartanya da buhuna, su kankare ƙasar da ta gurɓata su zuba sabuwa. Takardata suke bi. Ranar ƙarshe, rana ta take, ƙafata ta kumbura, na iso wani gida a bakin gari mai ƙofar kwano da kwaɗo a jiki. Wata mata da ke wucewa da tulu ta ce min tsohuwa ce mai gidan, ta tafi Gummi jinyar ɗiyarta, ta fi wata shida ba ta nan. Na jingina takarda a cinya na rubuta: babu yara. Aka fara da gidajen da ke da yara, kamar yadda ya kamata, damina ta kankama, gidan nan yana kulle, ba wanda ya sake komawa kansa.

Bayan abin ya ɗan lafa aka tara mu a Anka, mu ma'aikatan karkara, wai za a ba mu horon bincike na 'yan makonni. Wallahi da ɓacin rai na je. Ni da na karɓi haihuwar da ban san iyakarta ba, yau za a zaunar da ni a benci a koya min yadda ake tambaya? Malamin wani siririn mutum ne daga jami'a, Malam Haliru, kullum da jan biro a aljihu. Ba ya ɗaga murya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya tura mu unguwa da takardun gwaji, muka dawo, ya ɗauki tawa ya zagaye wuri uku da ja.

"Malama Balki, nan kin rubuta ba kowa. Ba kowa, ko ba ki shiga ba?"

Na ce, "Na yi sallama ba a amsa ba."

Ya ce, "To, rubuta haka: na yi sallama ba a amsa ba. Gobe ki koma."

Na ce, "Haba Malam, ai duk ɗaya ne."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Abin da kika gani daban, abin da kika ɗauka daban. Wanda zai karanta takardar nan bai san wanne kika ba shi ba."

Washegari na koma ina ƙunƙuni, na tarar da mutum shida a gidan, sun je suna ne jiya. Kunya ta kama ni, amma ko kaɗan ban tuna da gida mai ƙofar kwano ba.

Shi ya koya mana cewa in mutum biyu suka kamu da ciwo iri ɗaya, ka nemo abin da ya haɗa su. In kana da zato, shi za ka fara ƙoƙarin kayarwa, in ya ƙi faɗuwa sannan ka riƙe shi. Ya hana mu biro a filin aiki, ya ce fensir, don ruwan sama ba ya wanke shi. Tun daga nan kayan aikina suka ƙaru: littafi mai bango mai kauri, rula, fensir biyu, reza ta fiƙe su, da ledar da nake naɗe su ciki. Aka gama horo aka ba mu takardar shaida, ban ga ta ƙara min matsayi ba. Na jefa ta ƙasan akwati na ce an ɓata mana lokaci.

Shekaru suka shuɗe, motocin baƙi suka ragu a hanya, aka yi ta yawo da ni daga wannan asibitin sha-ka-tafi zuwa wancan. Daga ƙarshe aka mayar da ni ƙauyen nan na ƙasar Bukkuyum, ni ce babba a asibitin, ɗaki biyu da baranda. Ban fi wata huɗu ba, cikin damina, aka kawo min wani yaro ɗan shekara biyu yana jijjiga. Na taɓa jikinsa ba zafi. Na yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, layi ɗaya ya fito, wato ba shi ba ne. Na tura su Anka, bai kai ba, a hanya ya cika. Bayan mako uku aka kawo wata yarinya sa'arsa da irin wannan ciwo. Ita ta kai, aka auna jininta aka ce dalma ce, ta yi yawa. Aka zo aka auna gidajen iyayensu biyun, ƙasa lafiya lau. Aka ce wataƙila iyaye maza ne ke kwaso ƙura a tufafi daga wurin haƙa.

Da a da ne, da na ce to, na ci gaba da allurata. Amma uban yaron tela ne, uban yarinyar kuma goro yake sayarwa, ba wanda ya taɓa riƙe diga a cikinsu. Abin ya ƙi zama min. Na ɗauko littafi da rula na ja layi, gefe ɗaya yaron, gefe ɗaya yarinyar. Zatona na farko kwalli ne, don wani kwallin yana da dalma. Na je na tambaya: uwar yarinyar tana sa mata, uwar yaron ba ta taɓa sa masa ba. Zato ya faɗi. Rijiya, kowa da tasa. Injin niƙa, wannan na gabas, wannan na yamma. Kwana uku ina zagaye cikin taɓo, takalmina ɗaya har ya tsinke, mata suna tsokanata wai Malama ta koma aikin ƙidaya.

A rana ta huɗu na zauna da Hassi, uwar yaron da ya rasu, tana tsince wake. Na riga na tambaye ta ina yake wasa, ta ce nan. Sai na sake tambayar ta wata fuska, na ce a wata ukun da suka wuce kafin ciwon, a wane ɗaki yake kwana?

Ta ce, "Ai ba nan shike kwana ba, Malama. Shina wurin yaye. Sati guda da maido shi ciwon ya kama shi."

Kun san al'adarmu, in za a cire yaro daga nono gidan kaka ake kai shi, ya yi wata ɗaya ko biyu, ɗan fari ma wani lokaci a bar shi can gaba ɗaya. Na san wannan tun ina yarinya, ni ma haka aka yi min, amma ban taɓa ganinsa a takardar tambaya ba, don haka ban taɓa tambaya ba. Na ce wurin wa? Ta ce wurin Gwaggo Kulu, ƙanwar kakarta. Na ruga gidan mai goro, uwar yarinyar ta ce ita ma Gwaggo Kulu ce ta yaye mata, ai rabin garin danginta ne, kuma hannunta na da kyau, kwana uku yaro ya manta da nono. Na ce a nuna min gidan. Aka nuna min bakin gari, ƙofar kwano. Ina ganinsa na gane shi, gidan nan ne da na rubuta babu yara.

Kafin in isa labari ya riga ni. Na tarar da Gwaggo Kulu a zaure ta tokare ƙofa da sandarta, 'yar tsohuwa ƙarama mai kaifin ido.

"Ke ta malamar da ka yawo tana hwaɗin gidana na ka kashe ɗiyan mutane?"

Na durƙusa na gaishe ta, na ce ban faɗi haka ba, tambaya nake. Akwai yaro a wurinta yanzu?

Ta ce, "Ba kowa. Tashi ki tahi."

Na tashi, amma a littafina na rubuta: ta ce ba kowa, ban shiga ba. Daga nan na zauna da wata dattijuwa muka jero duk ɗiyan Gwaggo Kulu da surukanta da jikokinta mata, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambayar wa ya yaye kwanan nan. Ta ƙarshe ita ce autarta Rabi, tana aure a wata tunga bayan rafi, mijinta ya tafi noma nesa. Yarinya ce shiru-shiru, da ƙaramin ciki. Na ce ɗiyanta nawa? Ta sunkuyar da kai ta ce babu. Na kusa rubutawa, sai idona ya kai kan igiyar shanya, na ga majanyi, tsakiyarsa ya koɗe saboda goyo. Ashe kunyar ɗan fari ce. Mace ba ta kiran sunansa, ba ta ƙirga shi, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, balle a gaban uwarta.

Na ce, "Rabi, ban ce ki kira suna ba. Majanyin can, mai shi tana ina?"

Ta daɗe tana murza bakin zane, sannan ta ce, "Akwai wata can wurin Inna."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu."

Na faɗa mata komai ba ɓoye-ɓoye, yaron Hassi, yarinyar mai goro, da abin da nake zato. Na ce wadda ke wurin Inna tana cikin haɗari yau ɗin nan, ba gobe ba. Ta ci gaba da murza bakin zanenta, ko kallona ba ta yi ba. Na fito raina a ɓace, ina cewa a zuciyata wannan wace irin kunya ce da za ta ci rai.

Da la'asar na koma wurin tsohuwa. Wannan karon ban tambaye ta komai ba, na zauna a ƙasan zaure na ce, "Gwaggo, laifi na zo faɗa, nawa ne ba naki ba. Shekarar da anka kankare gidajen garin nan kina Gummi. Ni na tsaya a ƙofar nan na rubuta babu yara, shi ya sa ba a shigo an auna miki ba."

Ta dube ni sama da ƙasa. Can ta ce, "Ke ta?"

Na ce, "Ni ce. Wa kika bar wa makulli?"

Ta ce ɗanta ne, kuma da ta dawo ta tarar ya ajiye injin niƙan dutse a tsakar gida, don gidan ba kowa. Ya kwashe injinsa ya bar tulin ƙasa a bayan rumbu, ciyawa ta rufe shi shekara da shekaru. Sai ranin da ya wuce daɓen ɗakinta ya farfashe, ta tona tulin nan ta ga ƙasa mai laushi kamar gari, ba tsakuwa ko ɗaya. Ta kwaɓa ta yi sabon daɓe da hannunta, ya yi sumul, har maƙwabta suna zuwa gani. A kansa yaran yaye suke kwana, a kansa suke rarrafe, a kansa tuwo ke faɗuwa su ɗauka su ci.

Ta bar ni na shiga. Yarinyar tana kwance a kan daɓen, ba ta kai shekara biyu ba, idanu a lumshe da rana tsaka. Tsohuwa ta ce kewar nono ce, kwana huɗu ba ta cin kirki, ba ta bayan gida. Na ce a ba ni ita in kai Anka. Nan tsohuwa ta tsaya tsakanina da ita.

"In na ba ki ita, na yarda ni na kashe ɗan Hassi ke nan. Shekara nawa ina yaye cikin gidanga? Wanda ya kawo ta shi ka ɗaukarta, ba ke ba."

Na ji tausayinta ƙwarai, amma ban da ikon fizge yarinya daga hannun kakarta. Uban yana nesa, uwar kuma kun ji yadda muka rabu. Iyakar abin da na samu, ta yarda a shimfiɗa tabarma a waje a ɗauke yarinyar daga ɗakin, na wanke mata hannu da sabulu. Na tafi na yi magana da direban motar kasuwa ya tsaya min da safe, ban san ko da wa zan shiga motar ba.

Washegari da hantsi ina zaune a ƙofar gidan, mata sun taru, don garin ba wanda bai ji ba. Sai ga Rabi ta ɓullo daga hanyar rafi, zaninta jiƙe har gwiwa, majanyi a hannu. Ba ta gaishe ni ba. Ta shiga ta durƙusa gaban uwarta ta ce, "Inna, ki yi haƙuri." Ta sunkuya ta ɗauki yarinyar, ta saɓa ta a baya, ta ɗaure majanyi a saman cikinta. Wata daga cikin matan ta ce, "La ilaha! Gaban Inna?" Wata ta rufe baki da mayafi. Gwaggo Kulu ta ɗaga sandarta, na ɗauka duka za ta kai, sai ta nuna matan da ita ta ce, "Ku ba ta hanya, mi kuke kallo?"

Motar ta kai mu asibitin Anka. Muka isa wurin yankan kati, ma'aikacin bai ɗago kai ba ya ce sunan yarinya. Na buɗe baki in ce a rubuta jikar Kulu, don in rufa wa Rabi asiri, ga mutane cike da benci. Sai na ji murya a bayana, ƙasa-ƙasa amma kowa ya ji.

"Maryama. Ɗiyata ta."

Aka ɗebi jini, sakamako ya fito da yawa, aka kwantar da ita aka fara magani. Da na nuna wa likitan littafina ya bi layukan da yatsa har ƙasa, ya tambaye ni inda na koyi wannan. A makon aka zo da na'ura gidan Gwaggo Kulu. Aka fasa daɓen nan da ta yi da hannunta, ita da kanta ta riƙe bakin buhu ana zubawa, aka kwashe tulin bayan rumbu, aka auna sauran yaran da ta yaye a shekarar. Daga nan na ja sabon layi a rajistar rigakafi ta asibitina, na sa masa: ina za a kai yaye? Ma'aikatan da suka zauna a ƙarƙashina sun tafi da layin nan asibitocinsu a ƙasar Gummi da Anka, wasu ma ba su san daga ina ya fito ba. Ku duba wayoyinku, na tabbata babu shi a ciki, sai ku riƙa tambaya da bakinku.

Yaron Hassi ba zai dawo ba, kuma ban taɓa cewa hannuna ba ya ciki ba. Amma Maryama ta rayu, kuma da wannan nake alfahari, ba na ɓoyewa. Ta yi jinkirin magana, sai da ta kusa shekara huɗu bakinta ya buɗe, yanzu kuwa in ta fara surutu sai an ce ta yi shiru. An sa ta makarantar boko, a gidan kakarta take zaune. Rabi ta haifi uku bayanta, duk a hannuna. Duk zuwan da za ta yi awo sai na tsokane ta na ce ɗiyanki nawa, sai ta ƙirga ƙananan ta tsaya, ta ce da waccan ta wurin Inna. Ba ta ƙara kiran sunan a gabana ba har yau. Sau ɗayan nan ne, ranar da ake bukatarsa.